BABI NA UKU: ƘIRAR KWAIKWAYON TAKUBBA DA KUBE NA TSOFAFFIN ƘABILUN JAMUS

3.0 Shimfiɗa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bayyana yadda maƙeran wannan zamani a ƙasashen Turai da Amurka suke sake ƙera takubba da kube irin waɗanda tsofaffin ƙabilun Jamus suka yi amfani da su, domin amfanin gidajen tarihi da kuma ƙungiyoyin wasan raya tarihi. Za a fara da bayanin su wane ne waɗannan ƙabilu da matsayin takobi a wurinsu, sannan a dubi inda maƙeri yake samo hujjar aikinsa. Daga nan sai a bi matakan ƙirar ɗaya bayan ɗaya, tun daga ruwan takobi da ƙota har zuwa kube. A ƙarshe za a tattauna matsalar da ta fi ci wa masu wannan sana'a tuwo a ƙwarya, wato yadda za a haɗa gaskiyar tarihi da tsaron lafiyar masu wasa a cikin takobi guda.

3.1 Ƙabilun da Matsayin Takobi a Wurinsu

Idan an ce tsofaffin ƙabilun Jamus, ana nufin al'ummomin da suka zauna a arewacin Turai suna magana da harsuna 'yan gida ɗaya, kamar su Gotawa da Farankawa da Alamanawa da Saksonawa, tare da mutanen ƙasashen da a yau ake kira Danmak da Suwidin da Norwe. Zamanin da wannan babi ya shafa ya kama daga wajen ƙarni na 3 zuwa ƙarni na 7 na Miladiyya, wato kafin zamanin 'yan Bikin.

Marubucin nan na Rum mai suna Tacitus, a littafin da ya rubuta kan waɗannan mutane wajen shekarar 98, ya nuna cewa ƙarfe yana da ƙaranci a wurinsu, saboda haka kaɗan ne suke riƙe takobi, mashi shi ne makamin kowa. Wannan ya yi daidai da abin da masu tonon kayan tarihi suka tarar, domin kaburburan da ake samun mashi a ciki sun ninka waɗanda ake samun takobi sau da yawa. Ke nan takobi kayan manya ne, ana gadonsa, kuma sarki yakan ba da shi ga baradensa a matsayin tukuici.

Siffar takobin ta samo asali ne daga doguwar takobin mahayan Rumawa da ake kira sifata. Miƙaƙƙe ne mai baki biyu, tsawonsa gaba ɗaya yakan kai santimita 85 zuwa 95, faɗin ruwansa kuma kimanin santimita 5, nauyinsa bai cika wuce kilo ɗaya da 'yan kai ba. Da hannu ɗaya ake riƙe shi, ɗaya hannun yana riƙe da garkuwa.

3.2 Inda Maƙeri Yake Samo Hujja

Babu wani maƙerin wancan zamani da ya bar rubutaccen bayanin yadda yake aikinsa. Don haka duk abin da maƙerin yau zai yi, dole ya dogara da hujjoji iri uku.

Na farko su ne kayan da aka tono daga fadamu. Mutanen kudancin Sikandinebiya suna da al'adar zuba makaman abokan gaban da suka ci da yaƙi a cikin tafki a matsayin hadaya ga abin bautarsu. Daga baya tafkunan suka cike da laka, lakar kuma ta hana iska shiga, sai kayan suka tsira daga ruɓewa. A fadamar Nydam da ke Danmak, Conrad Engelhardt ya yi tono daga 1859 zuwa 1863, inda ya sami jirgin ruwa na katako da takubba kusan 100, mafi yawansu masu zane a jikin ƙarfe. A Illerup kuwa, tonon da aka yi daga 1950 zuwa 1956 da kuma daga 1975 zuwa 1985 ya fito da kayayyaki kusan 15,000, akasarinsu na wajen shekarar 200. Da yawa daga ruwan takubban Illerup suna ɗauke da hatimin maƙeran daular Rum, abin da yake nuna cewa daga can aka shigo da su.

Na biyu su ne kaburbura. Mafi shahara shi ne kabarin jirgin ruwa na Sutton Hoo a gabashin Ingila, wanda aka tono a 1939, kuma na farkon ƙarni na 7 ne. Takobin da aka samu a ciki ya yi tsatsa har ya manne da kubensa, ba a iya zare shi ba. Sai da aka ɗauki hotonsa da na'urar eksire sannan aka gane tsarin sandunan da aka haɗa shi da su. Akwai kuma kabarin Childeric, sarkin Farankawa, da aka gano a garin Tournai a 1653. A 1831 ɓarayi suka sace dukiyar wannan kabari a birnin Faris suka narkar da mafi yawan zinariyar. Ban da 'yan gutsattsarin da aka ceto, abin da masana suke dogara da shi a yau shi ne zane-zanen da Chifflet ya buga a 1655. Har ila yau, a 2009 an gano wata taska a yankin Staffordshire na Ingila mai ɗauke da zinariya kimanin kilo 5, wadda akasarinta adon ƙotar takubba ne da aka ɓamɓare.

Na uku shi ne rubuce-rubuce. Alal misali, akwai wasiƙar da Cassiodorus ya rubuta da sunan Theodoric, sarkin Gotawa da ya mulki Italiya har zuwa rasuwarsa a 526, yana gode wa wani sarki da ya aiko masa da kyautar takubba. A ciki an yaba ƙyallinsu da kuma wani zane mai kama da ƙananan tsutsotsi da ke tsakiyar ruwansu.

Masana sun karkasa waɗannan takubba gida-gida bisa siffar ƙota da adon kube. Behmer (1939) da Menghin (1983) su ne aka fi dogara da rabe-rabensu. Amfanin wannan ga maƙeri shi ne kada ya ɗauko ƙotar ƙarni na 7 ya ɗora wa ruwan ƙarni na 3, ya zama an yi wa kare ɗaurin jaki.

3.3 Ire-iren Takubban Kwaikwayo

Kafin maƙeri ya hura wuta, sai ya san irin aikin da takobin zai yi. Bisa ga haka ana iya raba takubban kwaikwayo gida uku:

(a) Na gidan tarihi da bincike. Wannan shi ne ake bin awo da nauyi da kayan haɗi na wani takobi guda sananne sau da ƙafa. Yakan zama mai kaifi, kuma ba a karawa da shi.

(b) Na ado da baje koli. Shi ne wanda mai wasa yake ratayawa idan yana kwaikwayon rayuwar yau da kullum a gaban 'yan kallo, kamar yadda ake yi a ƙauyen West Stow na Ingila ko cibiyar Lejre ta Danmak da aka kafa a 1964.

(c) Na karawa. Wannan dakusasshe ne, ana yin sa domin kwaikwayon yaƙi. Ƙungiyoyi irin su Regia Anglorum, wadda aka kafa a Ingila a 1986, suna da dokokin da suke duba makami da su kafin a shiga fili.

3.4 Ƙirar Ruwan Takobi

Abin da ya fi bambanta manyan takubban wancan zamani shi ne dabarar da za a iya kira ƙirar murɗe. Dalilin samuwarta kuwa shi ne yanayin ƙarfen da ake da shi. Matoyar tama ta wancan lokaci ba ta narkar da ƙarfe ya zama ruwa. Abin da take bayarwa shi ne dunƙule mai ramuka cike da kashin ƙarfe, wani sashe mai taushi, wani mai tauri. Da wuya a sami guntu ɗaya mai kyau da zai isa dogon takobi, sai dai a haɗa ƙanana da yawa. Da tafiya ta yi tafiya sai maƙera suka mayar da wannan larura ta zama gwaninta, har zanen ya zama shaidar daraja.

An daɗe ana zaton da ruwan guba ake zana wannan ado a bayan ƙarfe, ko kuma irin ƙarfen Dimashƙu ne. Herbert Maryon ne ya raɗa wa dabarar sunan da ake kiranta da shi a Turance a 1948, sannan John Anstee ya gwada ta a aikace a shekarun 1950, ya nuna cewa murɗa sanduna kawai ya isa ya fito da zanen. Matakan da ake bi a yau su ne kamar haka:

Da farko ana yanka fallayen ƙarfe iri biyu, a jera su ɗaya bisa ɗaya, yawanci hawa bakwai. Mutanen da suna haɗa ƙarfe mai sinadarin fosforos, wanda yake fitowa fari, da wanda ba shi da shi. Maƙeran yau sukan maye gurbinsa da ƙarfe mai ɗan sinadarin nikel, irin wanda ake kira 15N20, su haɗa shi da ƙarfe mai kabon zalla.

Na biyu, sai a sa jerin a wuta har zafinsa ya kai wajen digiri 1,200 zuwa 1,300 a ma'aunin Salsiyos, a barbaɗa masa garin boraks ko yashi mai laushi domin ya wanke dattin da ke tsakanin fallayen, a ɗora bisa uwar maƙera a buga da masaba har su manne su zama abu guda. A nan ne aiki ya fi lalacewa. In zafi ya gaza ba za su kama juna ba, in kuma ya wuce kima ƙarfen ya ƙone.

Na uku, sai a ja dunƙulen ya zama doguwar sanda mai kusurwa huɗu, kaurinta kamar na ɗan yatsa. Ana ɗaure kai ɗaya, a kama ɗayan da awartaki a murɗa tun tana ja. Wata sandar a murɗa ta dama, wata hagu. Idan aka jera su kusa da juna sai zanen ya fito kamar ƙayar kifi.

Na huɗu, a haɗa sanduna biyu ko uku ko huɗu gefe da gefe su zama cikin takobi, sannan a kewaye su da sandar ƙarfe mai tauri wadda za ta zama baki da tsini. Binciken takobin Sutton Hoo ya nuna sanduna huɗu a kowace fuska, kowace mai hawa bakwai, an murɗa wani wuri an bar wani wuri a miƙe. Wani maƙeri Ba'amurke mai suna Scott Lankton ya sake ƙera irinsa domin gidan tarihin Biritaniya da ke Landan, inda aka ajiye shi don masu ziyara su ga kamannin da tsatsa ta ɓoye.

Na biyar, a fitar da siffa da magagari da dutsen washi, a yi kwarin da ke bin tsakiyar ruwa. Mutane da yawa suna cewa hanyar jini ce, alhali kuwa amfaninsa shi ne rage nauyi ba tare da rage ƙarfi ba. Zurfin gogewa yana sauya zane: a sama-sama layuka ne karkatattu, in an nutsa sai su koma kamar taurari ko ƙananan zobba.

Na shida shi ne ba wa ƙarfe tauri. Ana gasa shi zuwa wajen digiri 800, a tsoma shi cikin mai farat ɗaya. A wannan hali yana da tauri amma yana iya karyewa kamar kwalba, don haka sai a sake ɗumama shi da wuta marar ƙarfi domin ya sami danƙo. Daga ƙarshe a goge shi, a jiƙa shi a ruwa mai tsami, wanda yake cin ƙarfe ɗaya fiye da ɗayan, sai zanen ya bayyana.

Takobin karawa kuwa ba a cika yi masa wannan wahala ba. Da ƙarfen sifirin guda ɗaya ake yin sa, irin su EN45 ko 5160, dangin wanda maƙeranmu suke samu daga sifirin tsohuwar mota. Ƙungiyoyi da yawa suna shardanta kaurin baki kada ya gaza milimita 2 zuwa 3, tsini kuma a zagaye shi kamar gefen kwabo.

3.5 Haɗa Ƙota

Ruwan takobi yana ƙarewa da wata siririyar wutsiya wadda ake zura sassan ƙota a cikinta. Sassan su ne giciyen ƙasa, da mariƙi, da giciyen sama, da kuma hular da ke rufe ƙarshen. A ƙarni na 5 da na 6 ana yin giciye ne da katako ko ƙaho ko ƙashi, wani lokaci a matse shi tsakanin fallayen ƙarfe biyu da ƙusoshi. Bayan an zura su duka, sai a dandaƙe kan wutsiya ya baje ya riƙe su, sannan a kafa hula a bisa.

Takubban sarakuna suna da adon zinariya da jan dutsen nan mai daraja da ake kira ganet. Ana gina ƙananan ɗakuna da siraran zinariya, a shimfiɗa fallen zinariya mai zane a ƙasa domin ya maido da haske, sannan a yanka dutsen daidai ɗakin a dasa. Binciken kimiyya ya nuna cewa yawancin duwatsun ƙarni na 5 da na 6 daga Indiya da Siri Lanka aka kawo su. Saboda tsada, mai kwaikwayo yakan yi amfani da tagulla da aka shafa wa ruwan zinariya, da jan gilashi a madadin dutse. Akwai kuma takubba masu zobe a jikin hula, na ƙarni na 6 da na 7, waɗanda masana da dama suke ganin alama ce ta mubaya'a tsakanin barde da ubangidansa.

3.6 Yin Kube

Wanda bai sani ba zai ɗauka kube ƙaramin aiki ne. Amma dokar Farankawan bakin kogin Rayin ta ƙarni na 7 ta yi wa takobi da kubensa kuɗi solidus 7, takobi tsirara kuma solidus 3, a lokacin da sa lafiyayye yake solidus 2. Wato a ƙiyasin wannan doka, kube da kayan da ke jikinsa sun fi ruwan takobin tsada.

Aikin kube ya haɗa sassaƙa da dukanci da ƙirar fari. Ana samun fallayen katako biyu marasa nauyi masu sauƙin sassaƙa, a kwanta takobin a kai a zana, a rarake kowanne daidai rabin kaurinsa, sannan a fere bayan har ya rage milimita kaɗan. Kafin a manna su sai a shimfiɗa fatar tunkiya ko ta wata dabba a ciki, gashin yana fuskantar ƙarfe. Hikimar wannan biyu ce: gashin yana riƙe takobi kada ya zame, maiƙon da ke jikinsa kuma yana kare shi daga tsatsa. Kuben Sutton Hoo ma an tarar da shi da irin wannan shimfiɗa.

Bayan an manna fallayen da danƙon da ake dafawa daga fata, sai a lulluɓe su da siririyar fata jemammiya tun tana da laima, a ɗinke ta baya. Idan ta bushe sai ta ɗame. Wasu sukan manna zare ko su sassaƙa tudu a kan katakon kafin a sa fata, domin ado ya taso. Daga nan sai a sa ƙarfen baki, da ƙarfen gindi mai kare ƙarshen kube daga gogar ƙasa, da wata 'yar gada ta ƙarfe ko katako ko ƙashi a gaba, wadda ake zura maɗauri ta ƙarƙashinta. A ƙarni na 3 da hamila ake rataya shi a kafaɗa, kamar yadda kayan Illerup suka nuna, daga baya kuma ɗamarar ƙugu ta yawaita.

3.7 Tsakanin Gaskiyar Tarihi da Tsaron Lafiya

Babbar matsalar wannan sana'a ita ce takobin karawa ba zai taɓa zama daidai da na asali ba. Idan aka bar baki da kauri milimita 3, ƙarfen da ya kamata a goge ya rage a jiki, sai nauyi ya ƙaru, ya kuma rinjaya gaba. Mai nauyi kuwa, ko dakusasshe ne, yana iya karya ƙashi. Maƙeri yakan magance wannan ta hanyar faɗaɗa kwarin tsakiya ko rage faɗin ruwa ko ƙara wa hula nauyi, kowanne kuma nisanta ne daga asali. Haka nan mariƙin takubban da gajere ne, wajen santimita 9 zuwa 10, amma mai wasa yana sanye da safar hannu mai kauri, don haka yakan nemi a tsawaita masa.

Matsala ta biyu ita ce giɓin hujja. Katako da fata da ƙaho su ne suke fara ruɓewa a kabari. Sau da yawa launin fatar kube da irin ɗinkinsa hasashe ne. Maƙerin kirki yakan bayyana wa mai saye abin da ya gani a asali da abin da ya cike da kansa, domin ɗan kallo yana ɗaukar duk abin da ya gani a fili a matsayin tarihi.

Matsala ta uku ta shafi yawa. Kowane mai wasa yana son ya rataya takobi mai ƙyalli, alhali an riga an nuna cewa a wancan zamani mashi ne makamin talaka. Filin da kowa yake da takobin sarki ya ba da hoton ƙarya, ko da kowane takobi a kan kansa daidai yake. Wannan ne ya sa wasu ƙungiyoyi suke sa sabon shiga ya fara da mashi da garkuwa.

Duk da haka, amfanin aikin ya fi aibinsa. Ta hanyar gwaji ne aka gane yadda ake samar da zanen murɗe, da yawan ƙarfen da yake salwanta a wuta, da yadda kube yake zama a jiki idan mutum yana tafiya. Hausawa na cewa gani ya kori ji.

Yana da kyau a lura cewa takobin ƙasar Hausa da na Azbinawa shi ma miƙaƙƙe ne mai baki biyu, kuma a ƙarni na 18 da na 19 an shigo da ruwan takubba masu yawa daga garin Solingen na Jamus ta hanyar fataken Sahara, maƙera da dukawan gida suka yi musu ƙota da kube. Wannan dangantaka ce ta ciniki ta baya-bayan nan, ba ta nuna cewa takobinmu jikan na waɗancan ƙabilu ba ne. Sai dai tsarin ya yi kama da na Illerup, inda ruwa yake zuwa daga nesa, a yi masa sutura irin ta gida.

3.8 Naɗewa

A wannan babi an bayyana cewa takobi kayan manya ne a wurin tsofaffin ƙabilun Jamus, kuma maƙerin yau yana dogara ne da kayan fadamu da na kaburbura da rubuce-rubuce wajen sake ƙera shi. An bi matakan ƙirar murɗe da haɗa ƙota da yin kube, an kuma nuna cewa kube yana da daraja ta kansa. Daga ƙarshe an gano cewa kowane takobin kwaikwayo sulhu ne tsakanin hujja da hasashe da tsaron lafiya, kuma ingancinsa ya danganta ga yadda maƙeri ya san iyakar kowannensu ya kuma faɗe ta. A babi na gaba za a dubi garkuwa da mashi da kwalkwali, waɗanda su ne sauran kayan yaƙin da ake fita da su filin wasa.